"Kakanmu Daga Damargu Ya Zo": Wane Gari, Wace Rijiya?

A gidaje da yawa na Kano, Katsina, Daura da Kazaure, idan ka tambayi asalin gidan za ka ji an ce "kakanmu daga arewa ya zo". Wasu tsofaffin ma sukan ce "daga Faransa", suna nufin Nijar ta zamanin mulkin Faransawa. Wanda ya ɗan fi sani shi ne zai ce maka Damargu. Daga nan sai magana ta tsaya, ba sunan gari, ba shekara, ba sunan wanda aka baro a can. Ni a ganina wannan tsayawar asara ce babba, kuma lokacin gyara ta yana ƙurewa.

Damargu ƙasa ce mai faɗi a arewacin Damagaram, tsakaninta da Abzin. A yau ita ce gundumar Tanut da gundumar Belbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011. Garin Tanut kansa yana kimanin kilomita 140 daga Zinder a kan hanyar Agadas. A cikin ƙasar akwai Gangara, Olelewa, Falanko, Tarka, Bakin Birji, Sabon Kafi da ɗaruruwan ƙauyuka da rugage, inda Dagirawa masu jin Barbarci, Hausawa, Abzinawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya. Saboda haka wanda ya ce kakansa daga Damargu yake, kamar wanda ya ce kakansa daga ƙasar Kano yake ne. Gaskiya ya faɗa, amma ba za ta kai shi ƙofar gidan kowa ba.

Me ya fitar da mutane daga can? Da farko fatauci. Damargu ce rumbun geron Abzin, kuma ta nan ayarin gishirin Bilma da fataken Tarabulus da Gadamus ke ratsawa zuwa Zinder da Kano. A Tagelel ta Damargu ne Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa a Janairun 1851, ya nufi Katsina da Kano. Bayan fatauci sai wahala ta biyo: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da hukuncin da Faransawa suka yi wa ƙasar Abzinawa bayan tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, da haraji, da aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Ga kuma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, ya karya kasuwar ayarin Sahara, ya buɗe ta gyaɗa a kudu. Sai farin 1973 da na 1984. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya turo iyalai kudu, wasu da niyyar cin rani, ranin ya zama zama.

Akwai wata al'umma da ta sha irin wannan, kuma akwai abin koyo a yadda ta yi. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, cutar dankali ta jawo yunwa daga 1845 zuwa 1852. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka yi hijira, mafi yawansu zuwa Amurka da Ingila. Jikokinsu da suka dawo neman asali sun tarar da mugun labari: a ranar 30 ga Yuni 1922, lokacin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun ƙasar da ke birnin Dablin ta ƙone, mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka zama toka. Amma ba su naɗe hannu ba. Suka koma ga littattafan coci na haihuwa da aure, da rajistar masu biyan harajin ƙasa, da ƙidayar 1901 da 1911 da suka tsira. A 2015 babban ɗakin karatun ƙasar ya sa hotunan littattafan cocin Katolika a intanet kyauta. Ƙa'idar da masu wannan bincike suka yarda da ita guda ce: ka fara daga inda kakan ya mutu, ka tono sunan ƙauyensa daga bakin dangi da takardun gida, sannan ka tsallaka. Idan ba sunan ƙauye, duk takardun Ailan ba za su amfane ka ba.

Mu ma'ajiyarmu tsofaffi ne, kuma gobararmu ba ta rana ɗaya ba ce. Duk jana'izar wata goggo ko wani baffa mai shekara tamanin, ɗaki guda ne ya ƙone. Rajistar haihuwa ba ta isa ƙauyukan Damargu da wuri ba, har yau ma mutane da yawa sai sun girma ake yi musu takardar kotu mai cewa an haife su "wajajen" shekara kaza. To wanda zai nemi kakan da ya bar Tarka a zamanin Kakalaba, kada ya fara da ofishin magajin gari. Ya fara da ɗakin kakarsa.

Abin da za a tambaya kuwa ba boyayye ba ne. Sunan garin, da sunan rijiyar da ake shayar da dabbobi, domin gari yakan tashi rijiya ta tsaya, kuma Sabon Gari da Sabon Kafi sun yi yawa a ƙasar Hausa. Sunan mai gari ko sarkin da ake kai wa haraji. Tsagar fuskar kakan, da harshen da yake yi idan ransa ya ɓaci, da alamar da ake yi wa raƙumansu ko shanunsu. Kasuwar da suke ci. Wa aka baro, ƙane ko ƙanwa, kuma wa ya taɓa zuwa ziyara daga can? Shekara kuma ba sai an ce 1914 ba. Idan tsohuwa ta ce sun iso zamanin Sarkin Kano Abbas, ka san tsakanin 1903 ne da 1919. Idan ta ce uban kakan ya ga kashe Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, ka san 1899 ake nufi. Mata sun fi riƙe irin wannan, domin su ne ke lissafin wa ya auri wa. Bayan su sai wanzamai da maroƙa, sai kuma malaman da ke rubuta haihuwa da rasuwa a gefen kundinsu da ajami.

Sai an samu sunan gari takarda ke fara amfani. Faransawa sun yi rangadin ƙidaya domin haraji, suna rubuta masu gida ƙauye bayan ƙauye, sun kuma bar rahotanni a kan kowane kanto da gidan sarautarsa. Irin waɗannan ana neman su a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Yamai, wasu a Dakar, wasu a Faransa. A gefen Najeriya akwai ma'ajiyar Kaduna da rahotannin kimanta haraji na gundumomi, da takardun rabon gado na kotunan alƙalai. Masana ma sun share hanya. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawusan. Stephen Baier ya wallafa tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, kuma Damargu na tsakiyar aikin nasa. Matsalar ita ce duk da Faransanci ko Ingilishi suke, jikan da ke Kurna ko Ƙofar Ruwa bai san da su ba.

Na san abin da wasu za su ce: tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido. Tsoronsu iri biyu ne, kuma ba na raina ko ɗaya. Na farko shi ne gorin "ɗan Nijar". A ƙasar da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ke buɗe ƙofar makaranta da aiki, mutum yana da dalilin yin shiru. Ba a manta da Shugaba Abdurrahman Darman ba, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, wanda aka kora zuwa Chadi a 1980 bisa cewa mahaifinsa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Amma a lura, kotun ta dawo masa da shi. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Iyakar ma da ake gori da ita sai tsakanin 1906 da 1908 aka kafa mata alamomi. Kakanni da yawa sun riga ta tafiya.

Tsoro na biyu ya fi zurfi: kada a tono a tarar da bauta. Gaskiya ne cikin waɗanda suka baro bakin Sahara akwai Bugaje da ke ƙarƙashin iyayengiji. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa sun samo asali ne daga irin waɗannan masu ƙaura daga ƙasar Abzinawa, kuma su ne suka zama manyan fataken Gwanja. Ina abin kunya a nan? Mutumin da ya taho da sanda da salka, ya kafa gidan da ya ciyar da ɗaruruwa, ya fi cancantar a ambaci sunansa fiye da wani basaraken Bagadaza ko Yaman da aka ƙirƙiro don a rufe bakin maƙwabta. Addininmu ma ya hana mutum jingina kansa ga uban da ba nasa ba, ya kuma yi umarni da sada zumunci. Yaya za ka sada zumuncin da ka share hanyarsa da hannunka?

Abin da nake kira a yi mai sauƙi ne. Kowane gida ya sa yaro ɗaya mai waya ya naɗi muryar tsofaffinsa, a rubuta sunaye a littafi, a raba wa dangi kwafi don kada ya tsaya a hannu ɗaya. Jami'ar Zinder da ta Bayero da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa su tura ɗaliban tarihi su tattara sunayen ƙauyuka da rijiyoyin Tanut da Belbeji, tsofaffi da sababbi, a buga da Hausa. Gidajen rediyon Zinder, Katsina da Kano su ware fili na neman dangi, domin a can ma akwai tsohon da ke cewa "wan babanmu ya tafi Kano, shiru har yau". Sarakunan kanto kuma su yarda a ɗauki hoton tsofaffin rajistocin da ke hannunsu kafin gara ta gama da su.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta tafiya inda ba ta san suna ba. Idan akwai mai shekara saba'in ko tamanin a gidanku, kada ka jira taron Salla. Ka je da goro, ka zauna, ka tambaye shi sunan garin da sunan rijiyar.