Giya a ƙetaren iyaka: kowane tsuntsu da kukan gidansu

A shirin da muke gabatarwa ranar kasuwa a gidan rediyonmu, wani mai fataucin albasa ya bugo waya yana ƙorafi. Mahaifin abokin cinikinsa ne ya rasu a Kumasi, shi kuwa ya je gaisuwa ranar Asabar, ranar da mutanen Asante suka saba zaman makoki. Sai ya ga wani dattijo ya tsiyaya giya a ƙasa yana kiran sunayen kakanni, aka kuma miƙo masa kwalba. Nan take ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya faɗa musu magana mai zafi. Tun daga ranar, mutumin da suka shekara takwas suna hulɗa bai sake karɓar ko buhu ɗaya daga hannunsa ba. Ya ce mu faɗa masa, wa ke da laifi?

Muka ce masa: Alhaji, ƙin shan da ka yi daidai ne, addininmu ya haramta, babu ja a nan. Kuskuren shi ne cin fuskar mutane a gidan mutuwa. Da ka ce kai Musulmi ne, a ba ka ruwa ko lemo, da sun kawo maka da girmamawa, domin sun daɗe da zama da mutanen zango, sun san halinmu.

Duk wanda ya yi fatauci ya san kowace ƙasa da matsayin da ta ba giya. A arewacin Benin, wajen Faraku da Natitingu, ana dafa cukutu da dawa, mata ne ke sayarwa a ƙwarya ranar kasuwa, a fili. A Burkina sunanta dolo, kuma mata da yawa da kuɗinta suke ciyar da gida, su biya wa yara makaranta. Direbobinmu sun ƙara ganin haka tun 2023, lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, manyan motoci suka karkata hanyar Lome ta Burkina. A arewacin Gana ana ce mata pito, a Marwa ta Kamaru bilbil, a Cadi bilibili. A waɗannan wurare akwai al'ummomin da ba sa ɗaurin aure, ko gayyar noma, ko sulhu, sai da ita. Mu ma kada mu manta, kalmar giya Hausa ce, kuma Arna da Maguzawa sun dafa ta a ƙasar nan tun zamanin kaka da kakanni.

Da ka tsallaka ta Illela, ko Jibiya, ko Kwangwalam, labari ya sha bamban. A ranar 27 ga Janairun 2000 Zamfara ta fara aiki da shari'a, jihohi irin su Kano, Katsina, Sakkwato da Jigawa suka biyo baya. A dokar Zamfara hukuncin Musulmin da ya sha giya bulala 80 ne. A Kano, Hisba ta farfasa kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a a 2013, a 2020 kuma kusan miliyan 2. Saboda haka direban da ya karɓi saƙon kwali a rufe bai duba ba, don 'yan kuɗin da za a ba shi, yana wasa da motarsa da mutuncinsa. Abin da aka saya da rasit a Kwatano yana iya zama laifi a Kano.

Mu nan Nijar muna tsakiya. Doka ba ta hana sayarwa ba, akwai mashaya masu takarda, amma al'ada ta mai da sha abin kunya. Wannan bambanci ya taɓa jawo mana rikici. Bayan shari'a ta kankama a maƙwabta, masu sana'ar da mashayansu suka riƙa kwararowa garuruwanmu na bakin iyaka, har a watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, aka far wa mashaya a Maraɗi. Me aka samu? Ƙone-ƙone da asara, masu sha kuwa suka koma lungu.

A nan ne muke son 'yan uwa su saurara da kyau, don laifi tudu ne. Muna yi wa maƙwabta dariya saboda ƙwaryarsu tana fili, alhali tamu tana cikin aljihu. Giyar dawa ƙarfinta bai wuce na giyar kwalba ba, wato wajen kashi 5 cikin 100, kuma a gaban dattawa ake shanta. Amma irin su sodabi na Benin, da akpeteshi na Gana, da ogogoro na kudancin Najeriya, da 'yar ledar nan mai arha, sukan kai kashi 40 ko fiye. Su ne ke shiga tashoshinmu a ɓoye, karen mota ya haɗa da tramol, direba ya kurɓa wai don ya kori barci. A 2015 gomman mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda ogogoro mai gubar metanol. Kodebuwa ta hana giyar leda a 2016, hukumar NAFDAC ta Najeriya ma ta sanar da irin wannan hani a 2024, ko da yake an yi ta ja-in-ja a kan aiwatarwa. Ɗan kasuwar da bai taɓa ɗanɗana giya ba, ita ce za ta iya kifar masa da buhu 300 na albasa a kwana ɗaya, in ma ba ta haɗa da rai ba.

Shawararmu uku ce. Ta farko, kafin ka ɗora kaya, tambayi mai masaukinka ko dillalinka dokar garin da za ka, kuma kada ka ɗauki abin da ba ka buɗe ba. Ta biyu, in aka yi maka tayi a ƙasar mutane, ka ƙi cikin ladabi; tsare addini bai buƙaci zagi ba, kuma kyakkyawan hali ne ya buɗe wa kakanninmu kasuwannin Salaga da Kumasi. Ta uku, shugabannin tasha da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa baki: direban da aka ji yana wari, ko aka ga idonsa ya juya, kada a ba shi lodi, ko ɗan wane ne. Masu kaya kuma su daina matsa wa direba ya kwana biyu a kan sitiyari ba barci, don mu ne muke tura shi ga 'yar leda.

Shi kuwa Alhajin albasa, mun ba shi shawara ya sayi goro, ya koma Kumasi ya ba da haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.