Dajin Falgore: Baƙi Suna Biyan Kuɗi Su Gani, Mu Muna Cinna Wuta

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ɗan garinmu da ya dawo daga karatu a Afirka ta Kudu ya zauna a gindin mangwaro yana nuna wa yara hotuna a wayarsa. Kafin ya dawo gida ya tara ɗan abin da ya samu, ya shiga wata tafiya ta yawon daji tare da baƙi daga ƙasashe dabam dabam. Yara suka yanyame shi. Da ya nuna hoton wata dabba baƙa mai manyan ƙahoni, sai wani yaro ɗan shekara goma ya juyo ya ce mini, “Malam, wannan wace irin saniya ce?” Na ce masa ɓauna ce. Ya ce bai taɓa jin sunan ba.

Wannan tambaya ta hana ni sukuni. Yaron nan an haife shi a ƙasar Doguwa, a bakin Dajin Falgore, inda kakansa ya san sawun ɓauna da na gwanki kamar yadda ya san sawun akuyarsa. Shi ya sa na ga ya kamata in yi magana da ku, 'yan'uwa masu karatu, musamman mu da muke zaune a Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji.

Bari in fara bayyana yadda irin wannan tafiya take. Ana ɗaukar mutane kamar ashirin a babbar mota wadda aka ƙera musamman domin hanyar daji, da tantuna da tukwane da tankin ruwa. Wadda aka fi sani tana tashi daga birnin Kef Tawun, ta ratsa hamadar Namibiya, ta shiga Botswana, ta ƙare a magangarar ruwa ta Biktoriya a kan kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Tafiyar kusan mako uku ce. Da yamma kowa ya kafa tantinsa, a hura wuta, a dafa abinci, a kwana ana jin kukan kura. Da asuba a naɗe tanti, a kwashe shara, a kashe wutar da ruwa har sai toka ta yi sanyi. A fadamar Okabango ta Botswana kuwa, mutanen ƙauye ne suke ɗaukar baƙi a kwalekwale, suna tura shi da gora, su kai su tsibiri su kwana. Baƙin nan suna biya da dala domin su kwanta a ƙasa, sauro yana yi musu kuka, don dai su ga giwa da zaki da raƙumin dawa a inda Allah ya ajiye su.

Wani zai ce wannan sha'anin masu kuɗi ne, ina ruwan manomin masara da shi? Da ruwansa ƙwarai. Dattawa sun ba mu labari cewa a shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan motoci suna ratso Sahara ta Agadas da Damagaram su sauka Kano, waɗansu su bi hanyar Jos, wato ta tsakiyar Falgore ke nan. Dajin nan yana da faɗin sama da murabba'in kilomita 900, ya shafi Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji da sunan Kogin Kano. Muna da duwatsun Riruwai, muna da tafkin Tiga. Abin da ake zuwa nema a can, an ba mu namu daidai gwargwado.

To, me ya sa nasu ya tsaya, namu yana lalacewa? Na yi ta tunani, na kuma karanta abin da na iya samu. Abin da na gane shi ne, daji yana rayuwa ne in maƙwabtansa suna cin moriyarsa. Bindigar ma'aikacin gandu ita kaɗai ba ta taɓa tsare daji ba.

Ga misalai. A 1963 mutanen ƙabilar Batawana a Botswana suka ga mafarauta daga waje suna ƙarar da namun dajinsu. Su da kansu, ƙarƙashin jagorancin matar marigayi sarkinsu, suka keɓe gandun Moremi, wanda har yau yana cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa. A Namibiya an yi doka a 1996 wadda ta ba mutanen karkara ikon kafa ƙungiyoyin kula da namun dajin yankinsu, su kuma karɓi rabo daga kuɗin da baƙi suke biya. Yanzu irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 80, kuma da yawa daga masu gadinsu tsofaffin mafarauta ne. A gandun Kuruga na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1926, gwamnatin wariyar launin fata ta kori mutanen Makuleke daga ƙasarsu a 1969. Da aka mayar musu da ita a 1998, ba su sare ta sun yi gonaki ba. Sun bar ta daji, suna karɓar kuɗin haya daga masaukan baƙi, 'ya'yansu suna aiki a ciki. Ba na cewa babu gunaguni a can. Giwa tana cinye gonar talaka a Botswana, kuma rabon kuɗi yakan jawo husuma. Amma mutumin da ɗansa yake karɓar albashi saboda giwa tana raye, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗana mata tarko.

Mu kuwa fa? Mun taso muna kallon Falgore a matsayin dajin gwamnati. Abin gwamnati kuma, a ganinmu, ba na kowa ba ne, wanda ya riga ya ɗiba. Da kaka ta wuce sai a cinna wa ciyawa wuta domin a kama ɓera da zomo, wutar ta cinye ƙananan itatuwa da ƙwan zabi da fakara. Buhunan gawayi suna jere a bakin titi ana loda su zuwa birni, ƙirya da marke suna ƙarewa, har kaɗanya da ɗorawa da iyayenmu mata suke samun man kaɗe da daddawa daga gare su ba a bari ba. Ana harbin gada mai ciki ba tare da an ji komai ba. Kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. A cikin masu yin haka akwai waɗanda muke zama da su a benci ɗaya ranar Lahadi, akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi. Wuta ba ta tambayar addinin mai gona.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da mutanen kirki suka juya wa dajin baya, ɓarayin shanu da masu tare hanya suka mai da shi mafaka. Makiyaya sun yi asarar garkuna, matafiya sun ji tsoron ratsa shi in rana ta yi sanyi, har sai da aka kawo sojoji suka kafa sansani a wurin. Wane baƙo ne zai kafa tanti a inda ɗan gari yake tsoron wucewa?

Ko da baƙo ɗaya ba zai taɓa zuwa ba, akwai dalilin da ya fi wannan girma. Kogin Kano yana ratsa Falgore kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir da alkama, daga cikinsa kuma birnin Kano yake sha. Saiwoyin itatuwa ne suke riƙe ƙasar bakin kogi. In aka sare su, ruwan sama ya kwashe ƙasa ya kai ta cikin madatsa, madatsa ta cika da yashi, ruwan da take riƙewa ya ragu. Mai gatari a Doguwa yana taɓa tukunyar mutumin Kura bai sani ba. Littafin Farawa ya koya mana cewa aikin farko da aka ba mutum a gonar Adnin kashi biyu ne, nomawa da kiyayewa. Mun riƙe na farko, mun saki na biyu.

Na san abin da mai yin gawayi zai ce mini: “Malam, da me zan ciyar da yara?” Gaskiyarsa ce, kuma wa'azi ba ya cika tukunya. Shi ya sa nake cewa a ba shi abin yi a cikin dajin da kansa. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga waɗansu dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa, Falgore yana cikinsu. Wannan abin murna ne, amma takarda ba ta kashe gobara. In aka kawo ma'aikata daga nesa, aka kafa shinge, aka ce wa ɗan ƙauye ya yi nisa, to za a maimaita kuskuren da aka yi wa mutanen Makuleke.

Ga shawarata. Shugabannin ikkilisiya da limamai da dagatai da ardo-ardo su haɗa baki su nemi abu uku daga hukuma: a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan bakin daji aikin gadi da jagora, har da mafarauta, gama da tsohuwar zuma ake magani, a ware wani kaso sananne na duk kuɗin da dajin ya kawo domin rijiya da makaranta da asibitin waɗannan ƙauyuka, a kuma shata wa makiyaya burtali da mashaya, a bar mata su tsinci kaɗe da ɗorawa bisa ƙa'ida. Mu kuma namu alkawarin shi ne mu daina cinna wuta, mu daina harbin dabba mai ciki ko mai goyo, kowane gida ya dasa itatuwan da zai riƙa sara a gefen gonarsa. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su iya fara renon dashe a harabar majami'a tun wannan damina.

Sa'an nan mu kai yaranmu su gani, gama gani ya kori ji. In hukumar daji da jami'an tsaro sun ba da izini, a kai su bakin Falgore da rana tare da wani tsohon maharbi, ya nuna musu sawun mazo da na gadu, ya faɗa musu sunan kowane itace. In hali ya yi, a yi karo-karo a kai su Yankari a Jihar Bauchi, inda har yanzu akwai giwa da ɓauna, su kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Yaron nan ya yi mini tambaya, na ba shi suna kawai. Ina roƙon Allah ya ba mu hikima da haɗin kai, domin wata rana shi ya riƙe hannun ɗansa a bakin Kogin Kano ya nuna masa dabbar da idonsa.