Ajiyar Da Ba A Leƙawa

Yau zancena da masu tsaron manyan kwamfutoci ne. Dā da hannu nake kwafe fayilolin kwamfutocinmu uku, har na rubuta 'yar takardar umurni ta bash. Kowane dare da ƙarfe biyu cron ya tashe ta, pg_dump ya kwafe rumbun bayanai, rsync ya kai kwafin wani gari. Amma fa kada mutum ya saki jiki. Cikin 2017 aka share rumbun kamfanin GitLab bisa kuskure. Da aka nemi ajiya, ashe pg_dump ya daina aiki, ba wanda ya sani. Aikin wajen sa'a shida ya salwanta. Don Allah kowane wata ku gwada maido da ajiyarku, ku gani da idonku.