Sanarwar Bayan Taro Kan Tattalin Gida a Wurno, Rabah da Goronyo



Mu wakilan ƙungiyoyin manoman damina da na rani, da mata masu adashi, da ƙananan 'yan kasuwa na ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, mun yi zama na yini guda a garin Wurno. Abin da ya tara mu shi ne yadda magidanci zai riƙe abin da ya noma har ya kai shi wata kakar ba tare da ya miƙa hannu ba. An buɗe taro da addu'a, aka roƙa wa 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka kashe gafara, da waɗanda ke hannunsu mafita.

Taro ya lura cewa ƙasarmu ba ta fatara ba ce. Ga Gulbin Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984, ga fadamar Wurno. Muna noma shinkafa da albasa da tafarnuwa, a tudu kuma gero da dawa da wake. Sai dai kuɗin manomi sau biyu suke shigowa a shekara, da kaka da kuma bayan girbin rani, alhali tukunya kullum ake ɗora ta. A tsakanin nan ne dukiyar gida take zurarewa.

Wata uwa daga ɓangaren Goronyo ta bayyana abin yadda babu wanda ya musa. Da kaka, in ji ta, kowace Lahadi sai a ɗaure buhu a bayan babur a kai kasuwa, yau don suna, gobe don anko, jibi don sauya waya, a daidai lokacin da kowa ke sayarwa kuma hatsi bai da daraja. Ruwan shuka na sauka sai ka ga mai gidan nan a kasuwar da ya kai buhu, yana awon tiya guda a baƙar leda, wataƙila ma geron da ya noma da hannunsa ne yake saye da tsada. Ita kuma matar tana gida ta hura wuta tana jira.

Mun kuma yi la'akari da abubuwan da ba laifin magidanci ba ne. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya sa mutane sun rabu da kayansu a wulaƙance. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin tayar da injin ban ruwa da na mota. A 2025 farashin hatsi ya faɗo, na taki bai bi shi ba, har waɗanda suka tara kaya don jiran tsada suka tafka asara. Don haka taro ya bambanta ajiyar ci da ajiyar riba. Ta riba kasada ce, mai hali ya yi in ya ga dama. Ta ci kuwa ba ruwanta da farashi, domin yaro tuwo yake nema ko buhu ya tashi ko ya faɗi.

Bisa haka taro ya amince cewa ranar da aka gama sussuka, kafin buhu ɗaya ya bar gida, a fitar da zakka ga wanda amfaninsa ya kai nisabi, a ware iri, sannan a ware abincin shekara. Mai gida da uwargida su zauna tare su auna tiya nawa gidan ke ci a yini, su lissafa har zuwa fitowar sabon gero, su ƙara na baƙo da na makwabci. Abin da ya rage shi ne na kasuwa. Mun nace kan zama da uwargida ne saboda ita ke riƙe da kwanon awo, ta fi kowa sanin inda hatsi ke tafiya. A gyara rumbuna kafin girbi, wake kuma a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an barbaɗa magani ba. Masu albasa su busar da ita sosai kafin ajiya, su riƙa fitar da ita kashi-kashi.

Bashin kaka ya ci mana lokaci. Manomi ya karɓi kuɗin taki ko na fetur a hannun dillali bisa sharaɗin biya da buhu a farashin da mai kuɗi ya yanka, gona na nuna an riga an cinye ta. Malaman da suka halarta sun ja kunne cewa duk rancen da aka gindaya wa ƙari riba ne, kuma haramun ne. Taro ya umurci kowace ƙungiya ta buɗe asusun rance marar ruwa daga zubin da mambobi za su yi lokacin girbi, don sayen taki da mai a dunƙule.

Adashi ya rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma muna so ya ɗore. Amma daga yanzu kowace uwar adashi ta riƙe littafi, a rubuta zubi da kwasa a gaban shaidu biyu, kada kuma mace ta shiga adashin da ya fi ƙarfin sana'arta. Kiwon tunkiya da akuya ajiya ce mai kyau, sai dai satar dabbobi ta sa bai kamata a zuba komai a turke ba. Wanda ya samu dama ya buɗe asusu a banki mai lasisi, domin tun 2024 hukumar NDIC ke ba da inshorar ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Matasa kuma su guji masu alƙawarin ninka kuɗi ta waya. An ga ƙarshen irinsu: MMM a 2016, CBEX a 2025.

A kan bukukuwa ba a samu baki ɗaya ba, kuma ba za mu ɓoye ba. Wasu dattawa sun nemi a rage kayan ɗaki. Mata suka ce kayan ɗaki dukiyar 'yarsu ce, ita ce abin da take juyawa ranar da gida ya shiga matsi, kuma in za a yi maganar ɓarna a fara da mai ƙara aure rumbunsa wayam, da kuɗin da ke tafiya a teburin mai shayi yara na gida ba su karya ba. Maganarsu tana da nauyi, taro ya karɓe ta. Inda aka haɗu shi ne: anko ba dole ba ne, kada a ci bashi don lefe ko gara, kada a sayar da gona ko abincin shekara don biki, kuma gudummawar biki a daina ɗaukarta bashin da sai an mayar da ninki. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da dokar taƙaita almubazzaranci a bukukuwa a 2023. Muna roƙon uwayen ƙasa da limamai su riƙa bayyana wa jama'a ita a majalisa da huɗuba.

Taro ya yi kashedi da babbar murya cewa tattali ba rowa ba ne. Kada wani ya fake da wannan sanarwa ya rage cefane, ko ya hana mai ciki zuwa awo, ko ya cire yarinya daga makaranta ya ɗora mata talla, ko ya bar zazzaɓin yaro ya kwana uku don tsoron kuɗin magani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk mamban da aka samu da haka, shugabannin ƙungiyarsa za su kira shi su yi masa nasiha.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin lissafin cikin gida. Wanda aka kora daga gonarsa, ko aka ɗora wa ƙauyensa haraji, ko ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa, ba shi da abin tattalawa. Ba mu manta harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, ba mu manta bayin Allah da suka yi gudun hijira zuwa Gandi ba. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Sakkwato su tsare hanyoyin gona da na kasuwanni, musamman lokacin shuka da girbi. Muna roƙon Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sanar da garuruwan gefen gulbi da wuri kafin a saki ruwan madatsa, don ambaliyar 2010 har yau tana zukatanmu. A taimaka wa manoman rani da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana bisa biya sannu a hankali. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kuma ta fifita zawarawa masu marayu da 'yan gudun hijira wajen rabon jari.

An kafa kwamiti na mutum tara, uku daga kowace ƙaramar hukuma, kuma a kowane ukun dole a samu mace. Zai zaga ƙungiyoyi ya duba asusun rance da littattafan adashi, ya kawo rahoto a zama na gaba da za a yi a Rabah kafin faɗuwar damina, in Allah Ya kai mu.

 

Sa hannu:
Shugaban taro
Shugabar mata
Sakatare