Ajin zana da ajin siminti

Duk wanda ya saba bin hanyar filin jirgin sama na Yamai ya san unguwar Pays-Bas, unguwar talakawa wadda ta tsiro cikin kwazazzabai a gefen birni. A can ne, ranar Talata 13 ga watan Afirilu na shekarar 2021, gobara ta tashi a wata lakwal ta cinye azuzuwan zana, yara 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan ajin reno waɗanda ƙafarsu ba ta yi ƙwarin gudu ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar Litinin 8 ga Nuwamba, irin wannan masifa ta auka wa Maraɗi, inda aka rasa yara 26. Allah ya jiƙan su. Gwamnatin lokacin ta hana a zaunar da ƴan ajin reno cikin rumfa, ta kuma faɗa da bakinta cewa azuzuwan zana sun kai kimanin dubu 36 a faɗin ƙasar.

Gobara tana da hayaƙi, shi ya sa duniya ta ji labari. Amma akwai wata hasara da ajin zana yake jawowa kowace shekara ba tare da kowa ya yi kururuwa ba, ita ce hasarar lokaci.

Bisa ƙa'ida, ana buɗe lakwal a watan Oktoba, a rufe a watan Yuni. Yaron da ke unguwar Filato yana shiga ajinsa na siminti tun ranar farko, ya tarar da allo da tebur suna jiran sa. A ƙauye kuwa, ranar buɗewa ajin ma bai wanzu ba, domin rumfa sai da kara, kara kuma sai an gama girbin hatsi. Iyaye suna gona, yara suna taya su ɗaukar damma, malam yana zaune gindin bishiya da rajistarsa. Kafin a sari kara, a saƙa zana, a kafa dirkoki, sau da yawa Nuwamba ta yi nisa. Daga nan hunturu ya shigo, ƙura ta riƙa ratsa zana tana cika idon yara da ke zaune a ƙasa, allo bisa gwiwa. Da hadarin fari ya taso a watan Mayu, iska ta yaye rumfar, manoma su fita shuka, shekarar karatu ta ƙare ke nan ko da takarda ba ta ce ta ƙare ba. Mu da muka fito makarantar horon malamai an koya mana yadda ake raba darussa mako-mako har wata tara, amma ba a koya mana darasin da za mu tsallake ba idan iska ta tafi da ajin.

Duk da haka, jarrabawa ɗaya ake ɗora wa yaran biyu, tambaya ɗaya, ma'auni ɗaya. Idan ɗan ƙauye ya faɗi sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, ko a ce iyayensa ba su san darajar boko ba. Wannan magana ba mu yarda da ita ba. Mutumin da ya ɗebi karan da zai yi dangar gidansa ya kafa wa gwamnati aji, shekara bayan shekara, bai cancanci a kira shi maƙiyin ilimi ba. Wanda ya tsallake kuma, kwaleji tana wani gari mai nisa, sai an nema masa mai masauki. Yarinya kuwa, nan ne galibi karatunta yake tsayawa.

Dokar tsarin ilimi ta shekarar 1998 ta ce ilimi hakki ne na kowane ɗan Nijar. Ba ta ware ɗan birni da ɗan ƙauye ba.

Mun san aljihun gwamnati ba zai iya zuba siminti a azuzuwa dubbai cikin shekara guda ba. Sai dai tsakanin siminti da zana akwai laka. Tun farkon shekarun 1980 aka fara koya wa magina a ƙasar nan ginin tubali mai ƙubba, wanda ba ya bukatar azara ko kwano, ba ya cin wuta, ga shi da sanyi lokacin bazara. Ƙauyen da ya iya gina rumbu da masallaci zai iya gina aji, in an ba shi ƙwararren magini da ƙofa da taga.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da magadan gari, in an zo rabon kuɗin gini, a fara daga ƙauyen da ya fi nisa da kwalta, a dawo birni daga baya. Muna kuma roƙon sufetocin lakwal su riƙa rubuta, aji-aji, ranar da aka fara darasi da gaske da ranar da aka daina, su aiko da lissafin Yamai tare da sakamakon jarrabawa, a karanta su wuri ɗaya.