Taswirar Hasken Rana: Darasin Dubai ga Ƙasashen Sahel

A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka gudanar a Dubai a ƙarshen shekarar 2023, ƙasashen duniya sun amince su ninka ƙarfin makamashin da ake sabuntawa har sau uku kafin shekarar 2030. To amma kafin a kafa faranti ko guda ɗaya, tilas ne a san inda za a kafa shi, da kuma yawan wutar da zai bayar. A nan ne aikin masu zana taswira ta kwamfuta ya shigo.

Abin da suke yi shi ne ɗora bayanai bisa bayanai. Su ɗauko ma'aunin hasken rana daga tauraron ɗan adam, su aza masa taswirar tuddai da kwaruruka, da ta gonaki da garuruwa, da ta manyan wayoyin dakon wuta. Wurin da ya cika dukan sharuɗɗan, shi ake zaɓa. Hukumar makamashin da ake sabuntawa ta duniya, IRENA, wadda ke da hedkwata a Abu Dhabi, ta buɗe irin wannan kundin taswira ga kowa a shekarar 2013.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta koyi muhimmancin wannan aiki a kyauta ba. Sa'ad da ake shirin gina tashar Shams 1 mai megawat 100 a yammacin Abu Dhabi, wadda aka buɗe a 2013, an tarar cewa hasken da ke sauka kai tsaye bai kai yadda aka yi tsammani ba, domin ƙurar da ke rataye a sararin sama tana tare wani kaso nasa. Ita kuwa tashar da madubai take aiki, tana tattara hasken ta dafa ruwa, kuma madubi ba ya iya tattara hasken da hazo ya warwatsa. Farantan sola na yau da kullum sun fi jure wannan. Ke nan ma'aunin ƙura kaɗai na iya sauya irin tashar da ta dace da wuri. A shekarar 2012 Cibiyar Masdar ta fitar da taswirar hasken rana ta ƙasar, wadda aka daidaita da yanayin hamada.

Dubai ta ci moriyar wannan sani. Gandun wutar rana na Mohammed bin Rashid Al Maktoum, kimanin kilomita 50 kudu da birnin, ya soma da megawat 13 kacal a 2013. A 2016 kamfanoni suka yi tayin sayar da wutarsa a kan senti 2.99 na dalar Amurka kowane kilowat a awa guda, farashin da ya ba duniya mamaki a lokacin. Zuwa 2019 ya sauko ƙasa da senti 1.7.

A wannan shekara ta 2016 ɗin ce kuma Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina tashoshin da za su ba da fiye da megawat 1,000, da yawansu a jihohin arewa, a kan senti 11.5. Shekaru suka shuɗe ba a gina su ba, ana ta taƙaddama kan farashi da lamunin gwamnati. Babu mai cewa ranar Katsina ko Sakkwato ta gaza ta Dubai har ninki huɗu. Bambancin yana ga abubuwan da tauraron ɗan adam ba ya gani. A Dubai hukumar wuta da ruwa guda ce, DEWA, ke sayen wutar, masu ba da rance sun amince za ta biya, don haka suka sassauta kuɗin ruwa. A Najeriya kuwa wayoyin dakon wuta na yawan faɗuwa, kamfanonin rarraba ta kuma bashi ya yi musu katutu. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2022 Afirka na da kashi 60 cikin ɗari na wuraren da suka fi hasken rana a duniya, amma kashi 1 kawai na farantan da aka kafa.

Ba a rasa taswira a yankin ba. Cibiyar makamashi ta ƙungiyar ECOWAS da ke Praia tana da nata kundin, Bankin Duniya ma ya buɗe nasa a 2017. Sai dai matsalar Shams 1 na nan tana jiran duk wanda ya dogara da su ido rufe, tun da kowane hunturu iska na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe Maraɗi da Kano na tsawon makonni. Ba a sanin asarar da hakan ke jawowa sai an kafa na'urorin awo a ƙasa, an bi su shekara guda a ƙalla.

Nijar ta ga abin da jinkiri ke haifarwa a 2023, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokacin take ba ta kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ta katse layin bayan juyin mulki. Tashar Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta soma aiki a shekarar, ita ce ta rage wa Yamai duhu.