Kusurwar Hoto: Tsohuwar DSLR Ko Ƙaramar Mara Madubi?

'Yan kulob ɗin jarida na makarantu sun sha yi mana tambayar nan. Kuɗin da suka tara na kyamara ɗaya ne tak, kuma ba dama a saya a yi nadama.

Bambancin a madubi yake. A cikin DSLR akwai madubin da ke turo hoton kai tsaye zuwa ido, saboda haka ba ta shan batir sosai. Nikon D3300 ta shekarar 2014 kan ɗauki hoto kusan 700 da caji ɗaya. Sony A6000, sa'arta mara madubi, ta fi sauƙin ɗauka da saurin kama mai gudu, amma batirinta kan kasa wajen hoto 360.

Ku tuna ranar wasannin gidaje: wuni guda a fili, ga wuta ba tabbas. Ga kuma ƙurar hunturu. Da zarar an cire lens ɗin mara madubi, sansarta a buɗe take, kuma ƙura na barin ɗigo a kowane hoto.

Mu dai shawararmu ita ce ku sayi tsohuwar DSLR ta hannu. Kafin ku biya, ku duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ku haska lens da fitilar waya ko akwai fumfuna. Canjin da ya rage, ku sayi ƙarin batir da katin ajiya.

Mako mai zuwa, ɗaukar hoto da tsakar rana.